Zanen tambari daga Katsina: kasuwar gari, maɗaba'a, WhatsApp ko Fiverr?

Matashin da ya iya zana tambari a Katsina ba ya rasa masu ba shi shawara. Wani zai ce ya buɗe Fiverr, shafin intanet da masu sana'a ke tallata aikinsu ga 'yan ƙasashen waje, ya fara karɓar dala. Wani zai ce ya daina wahalar da kansa, ya je ya zauna a shagon masu buga takardu inda aiki ke zuwa da ƙafarsa. Na uku zai ce kasuwa yanzu tana cikin waya, ya cika status da zane kawai ya jira kira. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai halin wanda yake da laftof da sola da Turanci mai kyau daban yake da na ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) ko Hassan Usman Katsina Polytechnic da ke riƙe da wayar Android da datar mako. Saboda haka gara a ɗora hanyoyin nan uku, da ta huɗu wato bin 'yan kasuwar gari da ƙafa, a sikeli ɗaya, kowa ya ga wadda ta yi daidai da aljihunsa da lokacinsa.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ta fuska biyu: nawa za ka kashe kafin ka shiga, nawa kuma zai rage a hannunka bayan an cire la'ada, data, kuɗin Keke da lokacin da gyare-gyare suka cinye. Farashin da aka yanka a baki ba shi ne ribar ba. Tambarin da aka sallama a N10,000 aka gama shi a yini ɗaya ya fi na N25,000 da aka yi mako uku ana canja masa kala.

Na biyu ɗorewa, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke kuskuren lissafi. Tambari abu ne da ake yi sau ɗaya. Mai kantin da ka zana wa nasa bana, in aikin ya yi kyau, ba zai sake neman wani ba sai bayan shekaru. Kyan aikinka shi ke hana kwastoman dawowa neman irinsa. Don haka duk hanyar da za ka bi, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: bayan tambarin, me zai biyo baya? Sitika, katin shago, rasit, leda, allon shago, kalanda, hoton talla na azumi da na Sallah. Hanyar da ke kawo waɗannan ita ce mai ɗorewa.

Na uku sauƙin shiga: kayan aiki, harshe, wuta da intanet. Na huɗu haɗari: cinye kuɗi, satar zane, rufe asusu, da ɓacin suna.

Kafin a shiga hanyoyin, akwai maganar kayan aiki, don ita ke buɗe wasu ƙofofin ta rufe wasu. Hoton da manhajar zane ta PixelLab ke fitarwa a waya, PNG ko JPG, tarin ɗigogi ne. A fuskar waya yana da kyau, amma ranar da aka ja shi ya cika allon shago mai faɗin ƙafa goma sai gefensa ya yi zago-zago. Tambarin gaske ana zana shi a matsayin bekta, wato layuka da lissafi ke riƙe da su, waɗanda za a iya ƙaranta su kamar kan hatimi ko a faɗaɗa su kamar bango ba tare da sun fashe ba. CorelDRAW da Adobe Illustrator da Inkscape su ke wannan aiki, su fitar da fayil nau'in CDR, AI, SVG ko PDF. Inkscape kyauta ne. Illustrator kuɗin wata-wata ake biya. CorelDRAW kuma shi ne harshen da maɗaba'un Najeriya suka fi ji. Canva yana da sauƙin koyo, amma sauke SVG da cire bayan hoto suna ɓangaren da ake biya, kuma ƙa'idar kamfanin ta hana a yi rajistar tambarin da aka gina a kan samfuransa ko hotunansa na gama-gari a matsayin alamar kasuwanci. Wanda ya ɗauko samfuri ya canja suna ya sayar wa mai ruwan leda, ya sayar masa da abin da wasu dubbai ke amfani da irinsa.

Hanya ta farko: bin 'yan kasuwar gari da ƙafa

Ka bi titin IBB ko Yahaya Madaki, ka leƙa Babbar Kasuwa, ka zaga ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, za ka ga yawan sana'o'in da ke da suna amma ba su da alama: shagunan ɗinki, masu POS, kemis, gidajen burodi, makarantun kuɗi da Islamiyyu, masu kilishi da fura da yogot, dillalan fili, masu sayar da sola. Kuɗin shiga wannan kasuwa kusan babu, in ban da data da kuɗin zirga-zirga da 'yan samfura da za ka buga a takarda mai kyau. Buga su ɗin yana da amfani. Alhaji mai shago ya fi yarda da abin da ya taɓa da hannunsa fiye da hoton da aka nuna masa a waya.

Farashi a nan shi ne mafi rauni, kuma dalilinsa a fili yake. Mutum yana ganin abin da aka yi a kwamfuta bai ci yadi ba, bai ci katako ba, to kuɗin me zai biya? "Haba Malam, ai minti biyar ne a wurinka." Sai tayi, sai albarka, sai a kawo zancen cewa yaron gidan wane yana yi kyauta. Ga kuma ɗan'uwa da abokin ɗan'uwa, waɗanda ladansu bai wuce "Allah Ya saka da alheri" ba. Addu'a abar so ce, amma ba ta sayen data.

Dabarar da ta fi aiki ita ce kada ka sayar da tambari shi kaɗai. Ka haɗa shi da abin da ake gani: tambari da zanen sitika da katin shago da hoton status, kuɗi kaza. Mai shago da ya ƙi biyan N10,000 a kan tambari tsura yakan biya fiye da haka in ya ga zai tafi da abubuwa huɗu. Wannan kuma shi ne ƙarfin hanyar ta fuskar ɗorewa. Makarantar da ka yi wa bajo, ita za ta neme ka lokacin katin sakamako, takardar shiga, bikin yaye ɗalibai da walimar sauka. Telan da ka yi wa alama zai dawo kafin azumi. Zumunta a ƙafa take, kuma a gari irin Katsina ko Daura, inda kowa ya san kowa, kyakkyawan aiki ɗaya a shagon da ake yawan shiga yakan jawo na maƙwabtansa.

Akwai kuma abin da ɗan gari ya fi mai zanen Legas ko na Indiya sani. Yawancin salon rubutu masu ƙayatarwa da ake saukewa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, shi ya sa kake ganin allunan da harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, ko aka jefar da ƙugiyar gaba ɗaya. Salon rubutu na Noto da Andika da Charis suna da waɗannan haruffa, lasisinsu kuma ya yarda a yi kasuwanci da su. Wanda ya iya bekta yana iya zana ƙugiyar da hannunsa ta dace da sauran. In ka ƙara da iya tsara ajami ko Larabci daga dama zuwa hagu ba tare da haruffan sun rarrabu ba, Islamiyyu da masu turare da kamfanonin Hajji da Umara sun zama naka. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya a kan masu zanenmu: Hasumiyar Gobarau da Dagin Arewa da Rijiyar Kusugu sun gaji. Abubuwan alfahari ne, amma in gidan burodi da shagon waya da ƙungiyar matasa duk sun sa hasumiya ɗaya, ba wanda za a gane da ita.

Haɗarin wannan hanya iri biyu ne: bashi da gyaran da ba ya ƙarewa. "Ɗan ƙara masa haske." "Hajiya ta ce kore ya fi." "A sa mini buhun shinkafa da mota da lambar waya duk a ciki." Maganin duka biyun a yi shi tun kafin a buɗe kwamfuta: rabin kuɗi kafin alƙalami, samfuri biyu, gyara sau biyu, abin da ya wuce haka da kuɗinsa. A faɗe shi da ladabi, "Alhaji, ƙa'idar aikin ke nan ga kowa," a kuma tura shi a rubuce ta waya don ya zama shaida. Aikin 'yan siyasa a kakar zaɓe, kamar yadda aka gani a 2023, yana da yawa yana kuma da maiƙo, amma shi cikakken kuɗi ake karɓa tun farko, don ƙungiyar goyon bayan da ta ba ka aiki yau ba lalle ka same ta bayan an faɗi sakamako ba.

Hanya ta biyu: jingina da maɗaba'a

Wannan ita ce hanyar da ba a cika yabo ba, ni kuwa ina ganin ta fi kowacce koyar da sana'a. Mutane da yawa ba sa neman mai zane, mai bugawa suke nema. Su je a yi musu fosta ko sitika, sai a tambaye su tambari, su ce babu, ko su turo wani dishi-dishin hoto da WhatsApp ya matse. A nan ake buƙatarka, ko ka zauna a shagon, ko maigidan ya riƙa turo maka aiki gida yana biyanka a kan kowane ɗaya.

Kuɗin shiga ya dogara da yarjejeniya. In a shagon za ka zauna, sau da yawa kwamfuta da janareta na maigida ne, ka huta da matsalar wuta. In daga gida ne, sai ka mallaki laftof da CorelDRAW. Ka kuma san cewa tsohon CorelDRAW ba ya buɗe fayil ɗin da sabo ya adana, sai ka tambayi wane CorelDRAW suke amfani da shi ka adana daidai da shi, ka kuma mayar da rubutu zuwa layuka kafin ka tura, don kada salon rubutun ya canja a kwamfutarsu.

Abin da ake samu a kan kowane aiki shi ne mafi ƙanƙanta a duk hanyoyin huɗu, tunda maigida ne ya yi ciniki kuma shi ke yanka maka rabonka. Amma aikin ba ya yankewa, kuma ba kai ke bin bashi ba. Ilimin da ke ciki kuwa ba a samunsa a bidiyon koyarwa. A nan za ka ga da idonka yadda shuɗi mai ƙyalli na fuskar kwamfuta, wanda kalar haske ce da ake kira RGB, yake dusashewa in injin ya buga shi da tawadar maɗaba'a da ake kira CMYK. Za ka gane cewa mai buga leda da riga yana lissafi ne da yawan kaloli, don haka tambari mai kala shida hasara ce ga mai ruwan leda. Za ka ga siririn layi ya ɓace a hatimi, ƙaramin rubutu ya cure a injin surfani na bajon makaranta. Wanda ya yi 'yan watanni yana ganin haka, zanensa yakan sauƙaƙa da kansa, kuma sauƙaƙan tambari shi ake saye a ko'ina.

Haɗarinta shi ne ka daɗe ba a san sunanka ba. Kwastoma na maigida ne. Janye masa kwastoma ta bayan fage kuwa cin amana ne, kuma labari ba ya kwana a garin nan. Gara ku yi magana tun farko: wane aiki ne na shago, wanne ne naka, kuma ko an yarda ka nuna abin da ka zana a matsayin samfurin aikinka.

Hanya ta uku: WhatsApp, Facebook da Instagram

Wannan ta faɗaɗa kasuwar gari ta kai ta Kano, Kaduna, Zariya, Abuja, har Maraɗi da Damagaram. Ga mutumin Daura, wanda kasuwar garinsa ba ta kai ta Katsina girma ba, wannan faɗin ba ƙaramin abu ba ne. Masu saye a nan galibi masu sana'ar da ita ma a waya take ne: turaren wuta da humra, abaya da atamfa, cincin da dambun nama, yaji, kayan gyaran jiki, kayan kicin. Mafi yawansu mata ne masu sana'a daga cikin gida, kuma da dama sun fi sakewa su yi ciniki da mace 'yar'uwarsu. 'Yar'uwa mai zane da ba ta son yawon shaguna, wannan kasuwa kamar don ke aka yi ta.

Kuɗin shiga data ne da haƙuri. Waya mai kyau ta isa a fara, tunda yawancin abin da ake so hoton fuskar shafi ne da sitikar kwalba. Amma ranar da Hajiya ta bunƙasa ta je buga kwali dubu, maɗaba'a za ta nemi bekta, kuma in ba ka da shi wani za a ba ya sake zanawa, da shi kuma za a ci gaba. Farashi ya fi na kasuwar gari sassauci, musamman ga kwastomomin Abuja da Kano da suka saba biyan kuɗin zane, kuma kai ke rubuta farashinka ba mai cire la'ada. Kuɗi na shigowa nan take ta banki ko OPay ko Moniepoint. Na ƙetaren iyaka su ne ke da ɗan wuya: kuɗinsu sefa ne, sai an bi ta hannun 'yan canji ko 'yan kasuwar da ke zirga-zirga ta Jibiya ko Kongolam, rubutun allunansu kuma sau da yawa da Faransanci ne, sai ka sa su turo shi a rubuce ka kwafa harafi da harafi.

Ɗorewa tana da kyau in ka mayar da kwastoma ɗan wata-wata. Mai sayar da abaya tana buƙatar sabon hoton talla duk lokacin da kaya suka iso. Yarjejeniyar zane kaza a wata a kan kuɗi kaza, da mutum biyar ko shida, ta fi jiran sabon tambari kwanciyar hankali.

Haɗari a nan ya fi na gari, don ba ka san fuskar mutum ba, ba ka san gidansu ba. Akwai alat na bogi da hoton rasit da aka ƙirƙira. Kada ka saki aiki sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Akwai wanda zai karɓi samfuri ya ɗauki hotonsa ya toshe lambarka. Don haka samfuri ya tafi a ƙaramin girma da sunanka a rubuce a kansa. Sai kuma gasar da ƙirƙirarriyar basira ta kawo, tunda yanzu kowa na iya rubuta jimla ɗaya manhaja ta fito masa da abin da ya yi kama da tambari. Ta cinye kasuwar masu son na arha, wannan gaskiya ne. Amma abin da take fitarwa yawanci hoto ne mai ɗigogi, tana kuma yawan ɓata rubutun Hausa da na Larabci, har gyara shi da mayar da shi bekta ya zama wani aikin da ake biya.

Abu ɗaya da zai ɗaga darajarka a wajen manyan kwastomomi: ka san bambancin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da rajistar alamar kasuwanci. Ta farko ba ta kare tambari. Ta biyu ana yin ta ne a ofishin rajistar alamomi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, tana aiki shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta ce miƙa haƙƙin aiki ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. 'Yar takarda mai layi huɗu da ke cewa ka miƙa wa wane wannan tambari bayan ya kammala biya, tana kare ku duka.

Hanya ta huɗu: Fiverr da 'yan'uwansa

Ita ce mai jan hankali, kuma dalilin a bayyane yake. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a farkon 2024. Fiverr, wanda aka kafa a 2010, kamfanin Isra'ila ne mai hedkwata a Tel Aviv. Na faɗa ne don akwai waɗanda wannan ke da nauyi a wajensu. Tsarinsa shi ne ka baje hajarka da farashi, mai saye ya zo ya zaɓa. Kamfanin na cire kashi 20 cikin 100 na kowane ciniki, ya kuma riƙe kuɗin sabon mai sayarwa kwana 14 bayan an kammala aiki. Aikin dala 25 ke nan zai bar maka dala 20. Mu ɗauka an canja a N1,400, N28,000 ke nan kafin Payoneer, wanda yawancin 'yan Najeriya ke cire kuɗi ta hanyarsa, ya ɗauki nasa cajin. A kan aiki ɗaya, ba hanyar da ta kamo wannan cikin ukun baya in kana matakin farawa.

Matsalar ita ce samun aikin farko. Zanen tambari yana cikin sassan da suka fi cunkoso a Fiverr. Za ka tsaya layi ɗaya da masu zane daga Pakistan, Bangaladash, Indiya da Indonesiya, wasunsu da dubban taurarin yabo, suna sayarwa da arha. Mai saye kuwa taurari yake dubawa kafin zane. Sabon shiga na iya yin watanni ba wanda ya ƙwanƙwasa masa. Upwork, na Amurka, tsarinsa daban: kai ke neman aikin da aka tallata, kowace nema kuma tana cin abin da suke kira Connects, wanda ake saye da dala, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. La'adarsa ba ta kai ta Fiverr ba. Gasar zane irin ta 99designs kuwa, inda mutane da yawa ke zana tambari ɗaya a biya wanda ya yi nasara kawai, ban ga dalilin da mai sayen data da kuɗinsa zai fara da ita ba.

Ta fuskar sauƙi ita ce mafi tsauri. Dole laftof, dole bekta, dole Turancin da zai fahimci bayanin kwastoma ya kuma mayar da amsa ba kame-kame. Dole wutar da za ka dogara da ita, don agogon aiki na tafiya ko an ɗauke wuta ko ruwan sama ya tafi da sabis, kuma jinkiri na rage maka matsayi. Ga bambancin lokaci: Najeriya na gaban New York da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka saƙon la'asar ɗinsu yana iso maka bayan ka yi shirin barci. Za a kuma kawo maka aikin da ba za ka so yi ba, na giya ko caca ko makamantansu. Gara ka rubuta a bayanin hajarka tun farko cewa ba ka karɓar irinsu, don soke ciniki bayan an biya yana taɓa matsayinka.

Haɗarin cinye kuɗi ya ragu sosai, tunda mai saye yana biya tun kafin ka fara, kuɗin na hannun kamfani. Amma wani haɗarin ya maye gurbinsa: shagon ba naka ba ne. Asusu biyu ga mutum ɗaya, ƙaryar ƙasar da kake zaune, sayen tsohon asusun wani, ko jan kwastoma ku yi ciniki a waje, kowanne na iya sa a rufe ka, taurarin da ka tara su tafi a dare ɗaya. Masu tallar "asusun Amurka na sayarwa" a guje su. Kwafar zanen wani daga intanet ma a nan ba a yafe ta. Ɗorewarta kuma matsakaiciya ce: wanda ya kafu yana samu sosai, amma yawancin masu sayen ƙaramin tambari sau ɗaya suke zuwa.

| Ma'auni | Kasuwar gari | Maɗaba'a | WhatsApp da sauransu | Fiverr da Upwork |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Kaɗan | Kusan babu in a shago ne | Data da waya mai kyau | Laftof, wuta, data mai ƙarfi |
| Samu a kan aiki ɗaya | Ƙasa | Mafi ƙasa | Matsakaici | Mafi yawa |
| La'ada | Babu | Maigida ke yankawa | Babu | Kashi 20 a Fiverr |
| Lokacin karɓar kuɗi | Nan take, ko bashi | Kullum ko mako-mako | Nan take | Bayan kwana 14 a Fiverr |
| Ɗorewa | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi, amma kwastoma ba naka ba | Mai kyau in akwai na wata-wata | Sai an kafu |
| Sauƙin farawa | Sai mai baki da ƙafa | Sai mai CorelDRAW | Mafi sauƙi | Mafi wuya |
| Babban haɗari | Bashi da yawan gyara | Rashin suna | Alat na bogi, satar samfuri | Rufe asusu, dogon jira |

Wa ya dace da wacce

In waya kaɗai gare ka kuma kana buƙatar kuɗi a wannan watan, fara da WhatsApp da shagunan unguwarku, ka faɗa wa kwastoma gaskiyar irin fayil ɗin da zai samu, ka kuma riƙa ware wani abu daga kowane aiki don sayen laftof na hannu. Fiverr ba naka ba ne tukuna.

In kana da laftof amma hannunka bai faɗa ba, ko ba ka taɓa ganin zanenka a buge ba, nemi maɗaba'a ka jingina na 'yan watanni, ko da abin da za a ba ka bai taka kara ya karya ba. Haka ma wanda kunya ke hana shi ciniki da bin bashi.

Mai baki, wanda ya san mutane kuma ba ya jin nauyin cewa "Alhaji, sai an ba da rabi," kasuwar gari ta fi masa, musamman makarantu da masu sarrafa abinci da abin sha, don su ne aikinsu ke maimaituwa duk zango da duk bugun leda.

Matar aure ko ɗalibar da ke aiki daga gida, ta kama masu sana'ar mata a Instagram da WhatsApp, ta nemi 'yan wata-wata tun da wuri. Mutumin Daura ko Mai'aduwa ko Jibiya ya haɗa wannan da 'yan kasuwar ƙetaren iyaka.

Wanda kuwa yake da bekta a hannu, Turanci, sola ko wata madogarar wuta, da tarin ayyuka na gaske da zai nuna, kuma yana da abin da zai ci in wata uku suka wuce ba ciniki, ya buɗe Fiverr ko Upwork da sunansa da ƙasarsa na gaskiya. Kada ya saki kwastomominsa na gida yayin da yake jira, kuma maimakon ya rubuta cewa yana zana kowane irin tambari, ya tsaya a kan abin da masu gasa da shi ba su da yawa a kai: rubutun Hausa mai ƙugiya, ajami da Larabci, da alamun sana'o'in abinci da sutura na Musulmi mazauna Turai da Amurka.